"Na tabbata shi ne" ba ta isa hujja ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridar nan domin in ja hankalin 'yan sanda, lauyoyi da alƙalai kan ƙarfin halin da shaidar gani da ido ke nunawa a kotu, wanda sau da yawa ake ɗauka tamkar hujja.

Idan abu ya faɗo wa mutum a rai nan take, ba tare da ya sha wahalar tuno shi ba, sai ya ji ya tabbata. Sauƙin nan kuwa ta hanya biyu yake zuwa. Ko dai mutum ya ga abin da kyau, da rana tsaka, kusa da kusa, ko kuma ya yi ta maimaita labarin har ya zauna masa a baki. Zuciya ba ta bambance su. Wanda aka yi wa fashi zai ba maƙwabta labari, ya ba mai unguwa, ya ba ɗan sandan kanta, ya ba mai bincike, ya ba lauyan gwamnati. Ranar da aka kira shari'a, bayan shekara biyu ko uku, amsa na fita kamar hadda. A 1996 masanin halayyar ɗan Adam John Shaw ya nuna cewa yawan maimaita tambaya yana ƙara wa shaida tabbaci ba tare da ya ƙara masa daidaito ba, har a kan amsoshin da ya yi kuskure.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gwajin masana halayyar ɗan Adam Gary Wells da Amy Bradfield na 1998. Sun nuna wa mutane bidiyon wani mai laifi, sannan suka ba su hotuna, babu nasa a ciki. Duk wanda ya nuna wani, kuskure ya yi. Amma waɗanda aka yaba wa cewa sun dace, daga baya sai suka ce sun ga fuskar sosai, kuma gane shi bai ba su wuya ba. Kalma ɗaya ta jami'i ta sauya har yadda suke tuna sauƙin abin.

Haka ta faru da Ronald Cotton a jihar North Carolina ta Amurka. A 1984 matar da aka yi wa fyaɗe ta ɗauki mintuna tana juya hotuna kafin ta nuna shi cikin shakka. A kotu ba ta da ko ɗigon kokwanto. Ya shafe sama da shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayar halitta (DNA) ya wanke shi a 1995. Farfesa Brandon Garrett ya bi shari'o'i 161 irin wannan, ya tarar a kashi 57 cikin ɗari shaidun ba su tabbata ba da farko.

Tabbacin da ke da nauyi shi ne na karon farko, kuma ana iya adana shi ba da kuɗi mai yawa ba. Jami'in da zai jera mutane domin shaida ya nuna mai laifi kada ya san wanda ake zargi, don ko kallonsa yana iya zama ishara. A faɗa wa shaida cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikin layin. Sauran mutanen su yi kama da siffar da ya bayar tun farko. Da ya nuna wani, kafin kowa ya ce uffan, a tambaye shi yaya tabbacinsa yake, a rubuta da kalmominsa, tare da daƙiƙun da ya ɗauka. A raba shaidu kada su haɗa baki ba da saninsu ba. Kada kuma a bari ya hango wanda ake zargi da ankwa a bayan kanta, ko a talabijin ranar holin masu laifi, domin daga nan fuskar ta zama sananniya gare shi.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta ba da damar ɗaukar bidiyon furucin wanda ake zargi. Ina roƙon a yi wa shaida haka ranar da ya fara nuna mutum, alƙali kuma ya nemi wannan bidiyon kafin ya saurari "na tabbata".

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano.