Ba kowane dundumi ne bitamin A ke warkarwa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili kan dundumi. Da an ambace shi sai a ce ƙarancin bitamin A ne, a ci hanta da karas da manja. Ga wasu haka ne. Amma akwai masu dundumin da matsalarsu ta dako ce a cikin ƙwayoyin ido.

A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyi masu siffar sanda sama da miliyan 90, da su muke gani cikin duhu. Kowacce ɗaki biyu ce: na ciki, inda ake ƙera rodofsin, furotin mai kama haske, da na waje, inda aka jera faifai kusan dubu masu ɗauke da rodofsin ɗin. Siririn wuya ne ya haɗa su, kaurinsa kamar rubu'in maikiromita (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ɗakin waje ba ya ƙera furotin, ga shi kullum yana zubar da tsofaffin faifai. A 1967 wani masanin kimiyya, Richard Young, ya nuna a ɓeraye cewa cikin kwana goma ake sabunta su kakaf. Ke nan dole dubban rodofsin su ratsa wuyan a kowane minti.

'Yan dakon su ma furotin ne. Dainin-1 ke kai kaya gindin wuya. Daga nan kinesin-2 ya hau kan siraran bututu masu tagwaye tara, kowane taku yana ƙona ATP guda, wato makamashin da ƙwayar ke amfani da shi. Dainin-2 kuma ya sauko da kayan aikin zuwa gindin wuyan. Da aka cire kinesin-2 a idon ɓera, rodofsin ya taru a ɗakin ciki, ƙwayoyin suka mutu. A mutum ma, idan wutsiyar rodofsin, wadda ita ce adireshinsa, ta gurɓace a gurbi na 347 na jerin tubalan da suka gina shi, kayan sai su ɓata hanya.

Ɗan dakon da ya fi damu na shi ne mayosin VIIa, domin yana aiki a ido da kunne. Lalacewarsa ke kawo wani nau'i na ciwon Usher: a haifi yaro kurma, dundumi ya biyo baya, gani ya riƙa tsukewa daga gefe. Sai an gado daga uwa da uba ya bayyana, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Don haka kurman yaron da ke tuntuɓe bayan magariba, a kai shi likitan ido a ɗiga masa maganin buɗe ido a duba tantanin. A daina ɗura masa bitamin A ba awo, yawansa na lahanta hanta.

Wassalam.

Mai karatu, Zariya