Inshorar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Amurka: Iyaye Su Daina Shiru, Su Je Gaban 'Yan Majalisa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da 'yan'uwana masu karatu, musamman mazauna Amurka, a kan wata cuta da muke jin nauyin ambatonta, da kuma hanyar da na ga talakawan ƙasar nan suna bi har su sa Majalisar Dokoki ta tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin maganinta. Cutar ita ce rikicewar cin abinci, wadda likitoci suka sanya cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Nau'inta da aka fi sani su ne anoreksiya, inda mutum yake ƙauracewa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba har jikinsa ya lalace, da bulimiya, inda yake ci da yawa sannan ya tilasta wa kansa fitar da abin da ya ci, sai kuma cin da ba ya iya tsayarwa, wanda littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka bai amince da shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba sai a shekarar 2013.

Ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba sai da abin ya shigo gidana. 'Yata tana makarantar sakandare lokacin da ta fara yanka abincinta ƙanana-ƙanana tana zagaya shi a faranti, ta tashi ta ce ta ƙoshi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce sangarta ce, kuma na sha faɗa mata cewa akwai masu kwana da yunwa a duniya, maganar da har yau nake jin kunyarta idan na tuna. Ranar da likita ya auna bugun zuciyarta ya ce ba za ta koma gida ba a daren nan, ranar na gane cewa yarinyar nan tana hannun wani abu da ya fi ƙarfinta. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kashe masu su, domin yunwa tana raunana zuciya da ƙashi da ƙoda, sannan baƙin cikin da ke tare da ita yana kai wasu ga halaka kansu.

Bayan asibiti aka mayar da ita gidan jinya na kwana, inda likitan ƙwaƙwalwa da masaniyar abinci da masu ba da shawara suke tare da marasa lafiya dare da rana. Ba a daɗe ba sai ga takarda daga kamfanin inshorarmu, shafi biyu, tana cewa ci gaba da zamanta a can ba lalura ba ce a likitance, tunda nauyinta ya fara dawowa. Wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa ganin fuskarta ba. Likitanta kuwa, wanda yake ganinta kullum tana kuka a gaban faranti, ya ce idan aka sallame ta a wannan hali za ta koma gidan jiya. Mun ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, aka ƙi, muka nemi a kai wa masu bincike na waje, waɗanda doka ta ba mu ikon nema, sannan aka dawo mana da wani ɓangare na kwanakin. A tsakiyar wannan wahala wata uwa da muke haɗuwa da ita a ɗakin jira ta tambaye ni ko na san cewa dokar da nake kafa hujja da ita a takardun ƙarata iyaye irinmu ne suka yi shekaru suna fafutuka kafin a same ta.

Na koma na bi tarihin, kuma ya dace masu karatu su ji shi. Shekaru da yawa kamfanonin inshora a Amurka suna biyan kuɗin ciwon zuciya ko sukari gwargwadon buƙata, amma idan aka zo ga ciwon ƙwaƙwalwa sai su ƙayyade kwanakin kwanciya da yawan ganin likita, su kuma ɗora wa mara lafiya kaso mafi tsoka na kuɗin. A 1996 Majalisa ta yi dokar farko ta daidaito tsakanin biyan maganin ƙwaƙwalwa da na jiki, wadda ta taɓa iyakar kuɗin shekara da na tsawon rayuwa kawai, ta bar sauran ƙofofin a buɗe. Sanatoci biyu ne suka ja ragamarta, Pete Domenici na jam'iyyar Rifablikan daga jihar Niyu Meziko da Paul Wellstone na jam'iyyar Dimokurat daga Minesota. A siyasa kusan ba abin da ya haɗa su, sai dai kowannensu yana da mai ciwon ƙwaƙwalwa a gida, Domenici 'yarsa, Wellstone kuma ɗan'uwansa. Wellstone ya rasu a hatsarin jirgin sama a watan Oktoba na 2002 bai ga ƙarshen aikin ba. Sai a ranar 3 ga Oktoba, 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan cikakkiyar dokar daidaito mai ɗauke da sunayensu biyu, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ta wuce ne a maƙale da dokar ceto bankuna ta dala biliyan 700. Shekara goma sha biyu ana bugun ƙofa, ranar da ta buɗe kuma wata guguwa ce dabam ta buɗe ta, amma da masu bugun sun gaji sun koma gida, da babu ƙudurin da za a maƙala.

Dokar 2008 ta ce idan inshora tana biyan maganin ƙwaƙwalwa, to kada ta tsaurara sharuɗɗansa fiye da na ciwon jiki. Dokar kiwon lafiya ta 2010 ta ƙara da sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin abubuwa goma da dole inshorar ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan ma'aikatu ta ƙunsa. Duk da haka masu cutar cin abinci sun ci gaba da shan wuya, saboda kamfanoni da yawa suna ƙin biyan gidajen jinya na kwana, alhali nan ne maganin masu tsananin ciwo yake.

A nan ne labarin Kitty Westin ya shigo, kuma shi ne ya tashe ni daga zaune. 'Yarta Anna, 'yar jihar Minesota, ta yi fama da anoreksiya, kamfanin inshora ya taƙaita mata jinya, ta rasu a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara 21. Iyayen ba su ɓoye sanadin rasuwarta ba. Sun fito fili sun faɗa, babban lauyan jihar ya kai kamfanin kotu, aka sasanta a 2001, sannan iyalin suka sa kuɗin da suka samu wajen buɗe gidan jinya da sunan Anna. Uwar nan ta yi ta zirga-zirga zuwa Washinton tare da ƙungiyar Eating Disorders Coalition ta masu fafutuka kan cututtukan cin abinci, wadda aka kafa a shekarar da Anna ta rasu, tana shiga ofis-ofis da labarin 'yarta. A 2015 Sanata Amy Klobuchar da wasu sanatoci mata daga jam'iyyun biyu suka gabatar da ƙuduri mai sunan Anna Westin, aka shigar da muhimman sassansa cikin babbar dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a ranar 13 ga Disamba, 2016, bayan ta samu ƙuri'a 392 a Majalisar Wakilai da 94 a Majalisar Dattawa. Wannan ne karon farko da Majalisa ta yi doka mai ambaton cututtukan cin abinci kai tsaye. Ta fayyace cewa daidaito ya shafi gidajen jinya na kwana, ta kuma buɗe hanyar horar da ma'aikatan lafiya su gane cutar tun da wuri. Takardar ƙarar da na rubuta wa 'yata a kan wannan sashe ta dogara, ni kuwa ban taɓa sanin wadda ta biya farashinsa ba.

Da 'yata ta samu sauƙi, ni ma na bi ayarin masu zuwa Majalisa a ranar da ƙungiyar take tara mutane. Da safe aka raba mu bisa jihohinmu, aka ba kowa takarda shafi guda mai ɗauke da lambar ƙudurin da muke nema wa goyon baya, aka gargaɗe mu cewa kada labarin mutum ya wuce minti biyu ko uku, kuma kada a ambaci nauyin jiki ko adadin abin da mara lafiya yake ci, saboda a cikin ayarin akwai waɗanda ba su gama warkewa ba. Na sa rai zan ga ɗan majalisarmu ido da ido. Wadda ta fito mana wata matashiya ce da ba ta girmi 'yata da yawa ba, riƙe da ɗan littafin rubutu, kuma da yake ofishin a cike yake, a baranda muka tsaya. Gaskiya raina ya ɗan sosu, na ga kamar an raina mu. Daga baya na fahimci cewa irin waɗannan mataimaka su ne suke karanta ƙudurori, su rubuta wa maigidansu taƙaitaccen bayani, su ba shi shawarar ya sa sunansa ko kada ya sa. Na miƙa mata kwafin takardar kamfanin inshora bayan na shafe sunaye, ta karanta jimlar da ke cewa jinyar ba lalura ba ce, ta ɗago kai ta tambaye ni ko likitan da ya rubuta haka ya taɓa duba yarinyar. Na ce a'a. Ta rubuta. Kafin mu rabu ta tambayi unguwar da nake zaune, domin ofishin ɗan majalisa ya fi sauraron mutumin mazaɓarsa a kan kowa.

Abin da na koya a wannan baranda shi ne labari shi kaɗai yana sa a tausaya maka a sallame ka, amma labarin da aka ɗaura wa buƙata guda bayyananniya, wato sa sunanka a kan ƙuduri mai lamba kaza, yana barin ofishin da bashin amsa. Kuma dole a koma. Kowace Majalisa shekara biyu take yi, ƙudurin da bai wuce ba a cikinta ya mutu, sai an sake gabatar da shi, a sake neman masu goyon baya daga farko. Wanda bai san haka ba zai yi zuwa ɗaya ya ce an yaudare shi.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, don an faɗa mini. Wani ya ce tonon asirin iyali ne, ya tambaye ni wa zai auri yarinyar da ubanta ya je yana shelar ciwonta. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, shi ya sa ban ɗaga ƙafa ba sai da na nemi izininta, kuma ita ta zaɓi abin da zan faɗa da abin da zan bari. Labarin nata ne kafin ya zama nawa. Wani kuma ya ce cutar 'ya'yan masu kuɗi ce ta fararen fata, ba ta shafe mu ba. Ɗakin jiran da na zauna a ciki ya ƙaryata wannan, domin na ga baƙi da fari, maza da mata, masu ƙiba da ramammu, har da mata masu jikoki. Wannan zato ma yana cikin dalilan da suke sa likita ya daɗe bai gane cutar a jikin yaranmu ba. Akwai kuma masu cewa su ba 'yan ƙasa ba ne, ba su da bakin magana. Ƙuri'a ta ɗan ƙasa ce, amma rubuta wa ofishin wakili wasiƙa ko buga masa waya ba a hana mazaunin mazaɓa ba, kuma kujeru 435 na Majalisar Wakilai da yawan mazauna ake rabonsu, mu ma an ƙidaya da mu.

Aikin kuwa bai ƙare ba, kuma a ganina wahalar yanzu ta fi ta da ɓoyuwa. Kamfani ba zai rubuta a fili cewa ya ƙayyade kwanaki ba, sai dai ya riƙa neman izini kafin kowane mataki, ya riƙa sake duba fayil duk bayan 'yan kwanaki, ko ya ba ka jerin likitocin da idan ka buga musu waya ba mai karɓar sabon mara lafiya. A ƙarshen 2020 Majalisa ta wajabta wa kamfanoni su rubuta hujjar da ke nuna cewa irin waɗannan sharuɗɗa ba su fi tsanani a ɓangaren ƙwaƙwalwa ba. A watan Satumba na 2024 aka fitar da sababbin ƙa'idoji masu ƙarfafa wannan, amma a watan Mayu na 2025 gwamnati ta sanar da cewa ta dakatar da tilasta sababbin sassan. Ga kuma shirin Medicare na tsofaffi da masu naƙasa, wanda yake biyan kuɗin ganin masanin abinci ga masu ciwon sukari da na ƙoda, bai haɗa da masu cutar cin abinci ba, alhali su ne abinci ya zama musu magani na farko. An sha gabatar da ƙudurin gyara wannan giɓi, kuma shi na je nema wa goyon baya.

Ba sai an je Washinton ba. 'Yan majalisa suna da ofisoshi a mazaɓunsu, kuma a watan Agusta yawancinsu suna gida, ana iya neman ganawa. Majalisun jihohi ma suna yin dokokin inshora, kuma sun fi sauƙin shiga. Wanda kamfani ya ƙi biya masa jinya ya ajiye kowace takarda, ya nemi a ba shi dalilin ƙin a rubuce, ya kai kuka ga hukumar inshora ta jiharsa ko Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya idan inshorar ta wurin aiki ce, sannan ya aika wa wakilinsa kwafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mataimakiyar nan mai ɗan littafi ba ta da hanyar sanin yadda doka take aiki a gidajenmu sai mun kai mata takardun. Wanda kuma yake cikin matsanancin hali a yanzu, shi ko ɗansa, ya buga 988, layin agajin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa da aka buɗe a watan Yuli na 2022.

Makonni kaɗan bayan dawowata na aika wa matashiyar saƙon godiya, na tuna mata da lambar ƙudurin, ta amsa cewa suna dubawa. Na sake rubutawa sau biyu. Da na gaya wa 'yata cewa zan koma baɗi, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, in za ka je ka yanka tikiti biyu, ni zan yi bayanin da bakina."

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani uba, mazaunin Amurka