Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Albarkatun Ruwa: kachala ta cinye mu

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Daga ƙasar Guri nake rubuto maka, can ƙarshen Kogin Haɗeja, wurin da ruwa ke isowa bayan kowa ya ɗebi nasa.

Ka san tarihin. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin nan kogi kan cika da damina ya malale fadama, rani na shiga ya janye, a shuka alkama da wake a danshin da ya bari. Yanzu ana sakin ruwa rani da damina saboda noman rani na Kadawa da famfunan Kano, ƙasa ba ta bushewa, ita kuwa kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a gonaki. Gonar da mahaifina ya bar mini, yau sai da kwalekwale nake zuwa ganinta, kachalar ta fi ni tsawo. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, da asuba su sauka kan shinkafar da ta rage, yara na kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe.

An kawo injinan yankan kachala, mun gode. Amma a yanka ta bana, baɗi ta dawo, tunda ba a taɓa abin da ke ciyar da ita ba.

Tun 2017 ake kai ƙudirin dokar ruwa Majalisa ana dawowa da shi. Masu tsoron a ƙwace musu gaɓar kogi sun yi ta ihu, an saurare su. Mu da kogin ya ƙwace wa gona fa? Akwai kuma babban tsarin ruwa na ƙasa na 2013, wanda nake zaton yana nan lafiya lau a cikin durowa.

Ba sabon dam muke roƙo ba. A rubuta ƙa'idar sakin ruwa: wane wata za a buɗe, wane wata za a rufe har kogi ya bushe kachala ta mutu. A zauna da manoma da masunta da makiyayan Auyo, Kirikasamma da Guri kafin a sa hannu, a kuma riƙa sanarwa ta rediyo kafin a saki ruwa. Maganar ambaliyar 2022 da yashe kogi, sai wani jiƙon.

In za ka zo gani da ido, ka zo a watan Satumba. Mota ba ta shiga, amma kwalekwalena na ɗaukar mutum huɗu.

Naka,
Wani manomi daga Guri, Jihar Jigawa