Zuwa ga Sule a Jidda, daga Mazari

Kano, daren Laraba

Sule,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Jidda? Na ga saƙonka na tambayar filin Rijiyar Zaki tun kafin azumi, na kuma ga na biyun da ka haɗo da 'yar fuskar nan mai harara. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Zan zo kan maganar filin, amma bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji, don ban da Maman Abba babu wanda na zauna na faɗa wa.

Maganar ɗanka ce. Ka tuna zuwanka na ƙarshe da ya hau kan firij ya diro a kan tabaranka, kana dariya kana cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? To, abin ya wuce dariya. Shekararsa 8 yanzu, yana aji uku, kuma makaranta ta biyu ke nan. Ta farkon ba su ce sun kore shi ba, cewa suka yi mu nema masa inda "ya fi dacewa da shi", ka dai san irin Hausar. A zango ɗaya ya ɓatar da kular abinci 4, ya taɓa dawowa da takalmi ƙafa ɗaya. A Islamiyya malamin hadda ya ce bai taɓa ganin irinsa ba: yana tsalle a bayan aji, yana tsokanar na kusa, amma in aka tashe shi sai ya kawo karatun tas. Izu biyu a kansa, duk a tsaye ya ɗauke su.

Kowa ya kawo tasa. Hajiya ta ce baki ne, aka yi ta rubutu da tofi, ban hana ba. Yayar Maman Abba ta ce aljani ne a kai shi ruƙiyya. Maƙwabcinmu ya ce alewa ce da lemon kwalba. Ni kuwa na ce rashin ji ne kawai, na sayo dorina a Kurmi na rataye bayan ƙofa. Na dake shi, Sule. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya yi kuka, ya rantse ba zai ƙara ba, kafin hawayen su bushe ya ƙara. Ni a lokacin gani nake raini ne.

Abin da ya tsayar da ni, ranar wata Asabar ya bi ƙwallo ya faɗa titi, mai Adaidaita Sahu ya taka burki har fasinja ta bugi ƙarfe. Allah ya tsare. Da daddare na zauna kusa da shi, ban ma yi niyyar faɗa ba, na ɗaga hannu zan gyara hulata, sai yaron nan ya dunƙule ya kare kansa da hannu biyu. Hula kawai zan gyara. Ban yi barci ba ranar.

Af, kafin in manta, Bala ya ƙara aure. E, Balan da ya rantse mana a Sabon Gari cewa shi da ta biyu sai dai a lahira. Na je ɗaurin auren, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Ka kira shi ka yi masa Allah ya sanya alheri, amma kada ka ce ni na faɗa.

To, malamar ajinsu ta yanzu, wata yarinya ce da ta karanta ilimin yara masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, ita ta kira mu gefe ta ce mu gwada ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ji kamar ta mare ni. Ka san mutanenmu, da an ce ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi asibitin mahaukata na Dawanau. Na yi sati uku ina jan ƙafa kafin Maman Abba ta tisa ni gaba zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, kuma don kunya can nesa na ajiye mota kada wani ya gane ta. Ka ji babban banza.

Likitar ba ta yi gaggawa ba. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna abin, tambayoyi ne. Ta sa aka duba jinsa da ganinsa, ta tambayi yadda yake barci, ta ba mu takarda mu cike, ta ba da wata a kai wa malamarsa. Ta ce sai an ga halin a gida da makaranta duka, ya haura wata 6, kuma ya faro kafin shekara 12, sannan a ba shi suna. Da muka koma ta ce abin da Turawa ke kira ADHD ne, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da aikata abu kafin tunani ya iso. Ta ce kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da shi, kuma an fi kama maza don su ne masu hayaniya, mata sau da yawa shiru suke yi hankalinsu na can wata duniya, sai a ce daƙiƙai ne. Na ce to ya aka yi yake awa biyu a kan wasan waya ko ƙiftawa ba ya yi? Ta ce ai hankalin yana nan, linzamin ne ba ya hannunsa. Abin da ke ba shi daɗi nan take yana riƙe shi, wanda ladansa ke gaba kuwa, kamar jinga, sai ya zame. Sukari ba ya kawo shi, rashin tarbiyya ma ba ya kawo shi.

Sai ta ce yawanci gado ne, ko akwai mai irin halin a dangi? Sule, matar nan tawa ba ta ce uffan ba. Juyowa kawai ta yi ta dube ni, likita ma ta bi ta da kallo, har da ɗan murmushi. Na san kana can kana buga ƙafa. Yi dariyarka. Wa ya sa min Mazari in ba kai ba? Tun daga ranar nake ta lissafi: bulalar da na sha a aji biyu, makullan da na zubar, kiwon kajin da na fara, na kifin, da littafin nan da nake rubutawa tun kana gwauro. Ashe abin da nake dukan yaro a kai, a wurina ya ɗauko.

Yanzu dai ga yadda muke. Dorinar na jefa ta kan rufi. In zan aike shi sai na durƙusa mun haɗa ido, in faɗi abu ɗaya, ya maimaita min. Da can sai in ce je ka wanke hannu ka ɗauko jakarka ka kira Ummi, ya tafi ya dawo da kyanwar maƙwabta. Jinga minti 10 ne, ya tashi ya zaga tsakar gida, ya dawo. Malamar ta dawo da shi layin gaba nesa da taga, ta naɗa shi mai goge allo da raba littattafai, don ya samu dalilin tashi da ba laifi ba. Bayan la'asar ƙwallo har ya jiƙe. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yabo. An ce da ya yi daidai in faɗa a take, kuma ni ban taso na ji Baba ya yabi kowa a gabansa ba, Allah ya jiƙansa. Bakina har nauyi yake.

Magani kuwa sai da aka kai ruwa rana. Hajiya na jin ƙwaya ce ta ce ba a gidanta ba, tana ganin abin da Tramol ya yi wa samarin unguwa, kuma ban ga laifinta ba. Ritalin ne, ƙarami aka fara, da safe bayan karin kumallo. Aikinsa kamar awa 4 ne ya sake shi. Yana rage masa cin abinci, don haka ake auna nauyinsa duk zuwa, mu kuma mu cika masa ciki da daddare. Samunsa ne aiki, ba kowane kemis ba, kuma sai da takardar likita. Har na yi tunanin in ce ka riƙa aiko mana, aka ce yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido. Kada ka soma. Ba zan iya zuwa belinka a Saudiyya ba, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina.

Ba zan ce maka ya zama waliyyi ba. Shekaranjiya ya zuba omo a randar Hajiya wai yana gwaji, na daka masa tsawar da har yanzu nake jin haushin kaina. Amma makon jiya ya cika shafi guda da rubutu, ya kawo min, ya tsaya har na gama dubawa. Na gaya wa Hajiya cewa Michael Phelps, Ba'amurken nan mai zinare 23 a ninƙaya a gasar Olamfik, shi ma da abin ya taso. Ta ce to, sai a kai mijin nata kududdufi.

Ka gaida Hajara da yara. In akwai mai tahowa, dabinon nan na bara Hajiya take ta cigiya, ba mai taushin ba, ɗayan. Akwai wani abu da na ce zan faɗa maka a farko, ya shige min. In na tuna zan kira ka ranar Juma'a.

Naka,
Mazari