Kwamfutar gem a Katsina: a fara da wuta da ƙura kafin fitilu masu launi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na karanta bayanin da kuka buga a shafinku na fasaha kwanakin baya, kan kayan da ya kamata matashi ya ƙara saya bayan ya gama haɗa kwamfutar gem. Marubucin ya yi ƙoƙari, ban raina ba. Sai dai da na kai ƙarshe na ce a raina, wannan bawan Allah ko dai bai taɓa kwana a Katsina cikin watan Afrilu ba, ko kuma a unguwarsu ba a ɗauke wuta. Kujera mai kwanciya, fitilu masu canza launi, madannai masu ƙara kamar keken ɗinki, duk ya lissafo. Wuta da ƙura da zafi kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba, alhali su ukun nan su ne ke kawo mini kwamfutocin mutane shago.

Gyaran kwamfuta nake yi, shekara goma sha ɗaya ke nan, a wani ɗan shago wajen Ƙofar Ƙaura. Amma abin da ya sa na rubuto maka a cikin gidanmu ya faru.

Autanmu ya shekara biyu yana tara kuɗin kwamfutar gem. Buga wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua takardu yake yi, abin da ya samu ya ajiye, ni kuma na cika masa. Muka shiga mota zuwa Kano muka haɗo kaya: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, katin hoto (mai zana hoton wasa) RTX 3060 na hannu, madabod (allon da ake soka duk kayan a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi) da akwati. Da ni aka haɗa ta, a tsakar gida bisa tabarma, har Inna na leƙowa tana tambaya ko jirgi muke ƙerawa. Kuɗi suka ƙare kafin mu sayi fawa-fak na kirki, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, sai na bar shi da wanda ya zo cikin akwatin, wanda ko suna babu a jikinsa. Wannan laifina ne, kuma na fi kowa sani. Na dai ce masa duk kuɗin da suka fara shigo masa, fawa-fak da UPS zai saya, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ya ce, "To, Yaya." Bayan wata guda na dawo daga shago na tarar da ɗakinsa yana walƙiya ja da kore da shuɗi kamar wurin biki. Fankoki shida masu fitila ya saya.

Ranar wata Laraba da la'asar, farkon damina, wuta ta ɗauke ta dawo, ta sake ɗaukewa ta dawo, sau uku kafin mutum ya gama alwala. A na ukun muka ji tas! Sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Ya fito ba ko takalmi yana cewa, "Yaya, zo ka gani, mi ya same ta?" Na buɗe na sansana, na san zancen. Fawa-fak ya ƙone, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja madabod sun tafi tare. Katin hoton ne Allah ya kuɓutar. Fankokin nan shida kuwa lafiyarsu ƙalau.

Don haka duk yaron da ya zo shagona ya ce ya gama haɗawa, me zai ƙara, da fawa-fak nake fara masa. Shi ne ke karɓar wutar bango ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha, kuma idan wuta ta yi hauka shi ke fara karɓar duka. Wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take yi da dare a cikin unguwa, ƙwai ya koma ja kamar garwashi, fanka na juyawa kamar mai azumi. A duba takardar da ke manne a gefen fawa-fak ɗin. Wani an rubuta masa 100 zuwa 240, wani 200 zuwa 240 kaɗai. Na farkon ya fi jure wuta in ta yi lo. Kamfanin Nvidia, mai katin, da kansa fawa-fak mai wat 550 ya ce a nema wa RTX 3060, ko da yake katin wat 170 yake ci. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isarwa ga kayan, ba ya ɓarnatar da ita ta zama zafi. Amma takarda kowa na iya mannawa, shi ya sa nake ɗaga shi in ji nauyinsa a hannu. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Sai UPS, kuma nan ne ake yawan cutar yara, ko su cuci kansu. Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwalin, 650VA misali, ba wat ba ce. Irin wannan ƙaramin abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Kwamfuta irin ta Auta in wasa ya yi zafi tana kusantar wat 300, ga kuma monita. Ka ga an kai shi maƙura ke nan, wuta na ɗaukewa zai yi ƙara ya mutu tare da ita. Ni daga 1000VA zuwa 1500VA nake ba da shawara. Kuma a sani, ba don a ci gaba da wasa aka yi shi ba. Mintuna kaɗan yake ba ka, ka ajiye wasanka ka kashe na'ura cikin mutunci. Batirinsa ma ba ya son zafin garinmu. A kan ma'aunin zafi 25 ake lissafin daɗewarsa, mu kuwa a bazara muna wuce 40, don haka kada a yi mamaki in ya gaji da wuri.

Akwai wani abu kuma da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Fawa-fak na zamani da yawa ba sa shiri da wutar da UPS mai araha ko inbata mai araha ke fitarwa, domin wutar a gutsure take zuwa, hawa-hawa kamar matakala. Sai ka ji fawa-fak na tsiwa, ko kwamfuta ta mutu daidai lokacin da aka koma kan batir. Wanda ke ba da wuta sumul irin ta gari shi ne masu sola ke kira fiya-sain. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa a nan sun jingine janareta sun koma sola, to duk mai niyyar ɗora kwamfutar gem a kan inbatar gidansu ya fara tambaya wace iri ce. Sitabilaiza yana daidaita wuta in ta yi sama ko ƙasa, amma ba ya riƙe ta in an ɗauke. Tsawa kuwa, duk cikinsu babu wanda zan ce maka ka dogara da shi. Hadari ya haɗo daga gabas, zare filogi daga bango kawai.

Yanzu ƙura. Wanda bai taɓa buɗe kwamfuta a ƙarshen hunturu ba, ba zai gane ba. A watan Fabrairun da ya wuce wani ɗalibi ya kawo mini tasa yana kukan tana kashe kanta da an yi minti ashirin ana wasa. Ya riga ya yanke shawarar katin hoto ne, har ya fara neman bashi. Na kwance murfi, na sa yatsa a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya furosesa, na zaro ƙura a dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa, ja-ja, har da gashin kyanwa. A ƙasa yake ajiye ta, kan kafet, kusa da ƙofa. Na fitar da ita waje na busa, na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ya bushe ya zama kamar alli, na sa sabo ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Shi ke nan ciwon.

Maganin ƙura ba shi da tsada. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan tebur. A sa rariyar tace ƙura a duk inda iska ke shiga, akwai masu maganaɗisu da ake mannawa a cire a wanke. Fankokin da ke jawo iska ciki su ɗan rinjayi masu fitarwa, domin iskar ta riƙa turowa waje ta ƙananan ramuka maimakon ta tsotso ƙura ta cikinsu. In za a busa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Sannan a lokacin hunturu, da iska ke bushewa har bargo na ƙyasta wuta in ka ja shi da dare, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa RAM ko kati. Wannan ɗan tartsatsin da ke ba ka dariya yana iya kashe kaya.

Zafi kuwa, gaskiya ɗaya ce: fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar ɗakin da take ciki. Akwatin da gabansa gilashi ne rufe ruf yana da kyau a hoto, amma mai raga a gaba shi ya dace da mu. Na'urar sanyaya ta ruwa da yara ke sha'awa ban hana ba, sai dai in famfonta ya tsaya, a nan garin sabo za ka nema. Babban ƙarfe mai fanka ɗaya ko biyu ba shi da abin lalacewa sai fankar, ita kuwa ko'ina akwai.

Akwai ƙarin da ko kwabo ba a biya, amma rabin kwamfutocin da ake kawo mini ba a yi musu ba. RAM ɗin da aka rubuta masa 3200 yakan tashi ne a 2133 ko 2400, sai an shiga BIOS, wato saitin madabod, an kunna zaɓin da ake kira XMP kafin ya yi gudun da aka biya kuɗinsa. Sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na giga 16, kuma a yawancin madabod mai rami huɗu, a rami na biyu da na huɗu ake sa su in ka ƙirgo daga furosesa. Wani kuma zai sayi monita mai 144Hz, wato mai sauya hoto sau 144 a seƙan, ya shekara yana kallon 60, don bai shiga saitin Windows ya canza ba. Na taɓa ganin wanda ya soka wayar monita a jikin madabod, katin hoton da ya ci rabin kuɗinsa yana zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Bayan an gama da waɗannan, in kuɗi sun samu, monita ce ta fi cancanta, don ita ido ke kallo. A 60Hz hoto na sauyawa duk bayan kusan miliseƙan 17, a 144Hz kusan 7, kuma hannu na jin bambancin tun kafin ido ya gane. Sai ma'ajiya. Wasannin yanzu wani ya haura giga 100, ga data da tsada. Ma'ajiyar SSD ta biyu irin NVMe, wadda ake kwantarwa a jikin madabod, tana hana ka goge wasa yau ka sake sauke shi jibi. Steam ma, wato shagon sayen wasanni na intanet, yana barin ka kwafo fayilolin wasan da ka saya daga kwamfutar abokinka maimakon ka sauke daga farko. Masu buga ƙwallo, wadda har yau FIFA muke ce mata duk da ta koma EA Sports FC tun 2023, fad mai waya, wato abin riƙewa a hannu a yi wasa, ya ishe su. Masu wasa ta intanet su ja kebul daga rauta zuwa kwamfuta. Ba zai matso da sabar, wato babbar kwamfutar wasan, da ke Turai ko Afirka ta Kudu kusa da Katsina ba, amma yana rage yankewar da Wi-Fi ke yi ta bayan bango.

Abu ɗaya na yarda da marubucinku a kai ba gardama, wato abin sawa a kunne, ko da yake dalilinmu ya bambanta. Kafin na'urar Auta ta ƙone, wani dare wajen ƙarfe ɗaya yana wasan harbi da sifika a buɗe. Inna ta farka ta ji ruwan harsashi. A halin da jiharmu ke ciki ba sai na yi maka bayanin abin da ya zo mata a rai ba. Ta buga mini ƙofa tana salati, maƙwabcinmu ya hasko tocila ta kan katanga. Da gari ya waye ta kira shi ta ce, "Auta, ko ka nemo abin toshe kunnen nan, ko ni da kaina in kai ta bola." Ranar ya saya, kuma har yau kunne ɗaya yake sawa in lokacin salla ya gabato, bisa umarninta.

Wata biyar ya yi yana sabon tari kafin ya mai da madabod. Wannan karon ma tare muka je, na zaɓi fawa-fak da hannuna, muka ɗauko UPS mai 1200VA a bayan babur. Fankoki uku ya mayar a cikin shidan nan, biyu na shigar da iska ɗaya na fitarwa, sauran ukun suna cikin kwali a shagona in akwai mai so.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake taɓo wannan batu, ku aiki wakilinku wajen masu haɗa sola na garin nan ya tambayo mana girman inbata da batirin da za su riƙe na'ura mai cin wat 350 na awa uku da dare. Tambayar da yara suka fi yi mini ke nan a shago yanzu.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.