Yaron da aka sallamo daga asibiti, wa zai karɓe shi a unguwa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ara mini ɗan fili in yi magana da ciyamomi da kansilolin ƙananan hukumomin da ke cikin birnin Kano da kewayensa. Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba, amma abin da zan faɗa a shagona ya faru.

Ɗan yayana marigayi yana hannuna tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Yaro ne mai hannu, in ya yi wa wuyan riga aiki sai ka tsaya kallo. Shekara uku da suka wuce, lokacin ɗinkin sallah, muna kwana a shago, na lura shi kaɗai ne ba ya gyangyaɗi. Kowa ya jigata, shi yana kan keke garau har kiran asalatu. Na yi ta sa masa albarka, ashe tiramol ke aiki. Abokin da ya fara miƙa masa ce masa ya yi maganin gajiya ne. Daga nan aka ƙara da roci, aka haɗa da wiwi. Kafin shekara ta zagayo ya fara surutu shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Wata rana da azahar na dawo daga masallaci na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, almakashi a hannu, yana jiran mutanen da ba mai ganin su sai shi.

Uwarsa ta ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, kuma ni ba na raina addu'a. Wani a dangi ya kawo shawarar gidan mari, na ce sam. Na ga tabon sarƙa a ƙafar wani yaron layinmu, kuma duk wanda ya ga hotunan waɗanda aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba zai kai nasa ba. Muka ɗauke shi muka nufi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Alhamdulillahi, likitoci sun yi ƙoƙari. Ya yi 'yan makonni ya dawo hayyacinsa, aka sallame shi da magani da ranar da zai koma.

To, a nan ne kukana yake.

Daga cikin gari zuwa Dawanau tafiya ce. Sai na rufe shago, na biya mana adaidaita sahu zuwa da dawowa, ga kuɗin magani, ga wunin da ya tafi ba a yanka ko yadi ɗaya ba. Wata huɗu muna yi ba fashi. Abin da ban sani ba, maganin yana sa hannunsa rawa, wuyansa ya sandare. Na sha ganin sa yana fama da zura zare a allura, ya gwada sau biyar, ya lashi zaren ya sake gwadawa, sauran yara suna ƙunshe dariya. Tela kuwa da hannunsa yake ci. Sai ya daina shan maganin a ɓoye. Daga baya likita ya gaya mana wannan rawar hannun sananniya ce, ana iya rage maganin ko a sauya shi ko a ƙara wani da zai kwantar da ita. Maganar da ba ta fi minti biyar ba. Amma babu mai faɗa masa ita a kusa, don haka a wata na biyar ya koma kango wurin abokansa, muka koma gidan jiya.

Alhali akwai asibitin sha-ka-tafi a mazaɓarmu, in na taka da ƙafa ba na minti goma. Na je na tambaya. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya ce mini, "Baba, mu nan awo da rigakafi da zazzaɓi muke dubawa, wannan sai can." Ban ga laifinsa ba. Ba a koya masa ba, kuma ko an koya masa babu maganin a kabad ɗinsa.

Wani ɗan unguwarmu da ke aikin lafiya ya fahimtar da ni cewa tun 1991 Najeriya ta rubuta a tsarinta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin aikin asibitocin matakin farko. Shekara talatin da ɗoriya ke nan magana tana kan takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani tsari tun 2008 na horar da ma'aikatan lafiya na yau da kullum su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da matsalar shaye-shaye, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. An yi shi ne saboda ƙasashe irin tamu, inda likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200. A farkon 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Doka dai ga ta nan. Saura wanda zai sauko da ita layinmu, kuma ba wanda ya fi kusa da layinmu irin kansila.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan, kuma a Jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Wane asibiti ne zai ɗauke su? A binciken an ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wannan shi ne abin da muke jin kunyar faɗa. Matar aure da ta saba da kwalbar maganin tari a ɗaki, ko mai jego da ta daina magana da kowa tana ta kuka, mijinta ba zai kai ta asibitin masu taɓin hankali ba, don gudun abin da za a ce, kar 'ya'yanta su rasa mijin aure. Amma sha-ka-tafi dama tana zuwa awo, tana kai yara rigakafi, ba mai tambayar ta me ya kai ta.

An hana maganin tari mai kodin a 2018, sai yara suka koma wani abu. Jami'an NDLEA da Hisbah suna kame, Allah ya saka musu. Sai dai wanda aka kama yau za a sake shi gobe ya dawo unguwar nan, kangon nan, zaman banzan nan. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ranka ya daɗe ciyaman: lokacin zaɓe kowa ya san lungun da ake samun yaran nan, ana aika musu mota har ƙofar gida su yi jagaliya. Wanda ya san hanyar lungun lokacin neman ƙuri'a bai kamata ta ɓace masa bayan rantsuwa ba.

Ba gini nake roƙo ba, gini akwai. Jihar nan tana da mazaɓu 484. A fara da 'yan kaɗan a cikin birni, a horar da ma'aikaci ɗaya ko biyu, mace da namiji, a ware rana ɗaya a mako, a ajiye maganin a kabad. In aka sallamo yaro daga babban asibiti, a ba shi takarda ya kai wa wannan ma'aikacin, in ya yi fashi a aika mai unguwa ko liman su leƙa gidan cikin sirri. Kun daɗe kuna kuka da asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, to ga inda za a fara nuna mana.

Sai maganar sana'a, wadda ita na fi sani. Raba kekunan ɗinki a filin taro da masu ɗaukar hoto ba ya koya wa kowa ɗinki, rabinsu a kasuwa suke ƙarewa kafin magariba. A nemi masu sana'ar da ke unguwa, tela da kafinta da bakanike da mai walda, a ɗan tallafa musu su riƙe yaron da ya daina sha. Ni a shagona akwai keke biyu da ba mai hawa.

Ɗana ya koma kan magani, an sauya masa, hannun ya daina rawa. Jiya shi ya yanka kaftani biyu. Talata mai zuwa ce ranar ganin likitansa, kuma na riga na gaya wa masu kaya kada su zo, shago a rufe zai wuni.

Naka,
Wani tela daga cikin birnin Kano