Fili muke nema, ba sadaka ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Talata, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Baƙon nan naku da ya ce wai mu masu buƙata ta musamman komai sai mun ce a ba mu kyauta, har fakin ɗin mota, ya faɗi son ransa, mai gabatarwa kuma ya yi 'yar dariya ya wuce tambaya ta gaba. Dariyar ta fi maganar yi mini ciwo. Shi baƙo bai sani ba, amma ku da kuka gayyato shi ai ya kamata a ce kun duba dokar kafin a kunna makirufo.

Ni gurgu ne, shan inna ce ta same ni tun ina goye. Ina da sana'ata, ina da iyali, ina da 'yar tsohuwar motata otomatik wadda wani bakanike ya haɗa mini ƙarfe a gefen sitiyari: in na ja ta tafi, in na tura ta tsaya. Kuɗin tikitin fakin bai taɓa hana ni barci ba. Wanda ya iya zuba mai a wannan zamani ba naira ɗari biyu ce za ta gagare shi ba. Abin da ke gagarata shi ne fita daga motar.

Bari in gaya wa baƙonku yadda ake yi, tunda da alama bai taɓa tsayawa ya kalla ba. In na tsaya, sai na wangale ƙofa har ƙarshenta. In miƙa hannu baya in jawo kekena, in ratsa da shi ta gabana, in sauke shi ƙasa, in buɗe shi, in danne birkinsa. Sannan in kama maƙalin da ke saman ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a kan keken, in ɗaga jikina in koma kai, in ɗauko ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan yana son fili a gefen mota, kamar faɗin wata rabin motar. Mai ƙafa yana iya buɗe ƙofa taƙi ɗaya ya sulale ya fice. Ni in wani ya matso da motarsa jikin tawa, shi ke nan, ko dai na kulle a ciki ko na kulle a waje.

Na kulle a waje, a harabar wani babban asibiti, ranar da na kai uwargida ganin likita. Da muka isa, wurin da aka zana hoton keken guragu a ƙasa wata jibgegiyar jif ce baƙa a kai, direba ya kwantar da kujera yana danna waya. Na yi masa magana cikin lalama, ya ce Oga ne ya ce ya tsaya nan saboda inuwa. Na juya wajen maigadi, ya ce in yi haƙuri, babban mutum ne. Haka na je can ƙarshen fili na raɓa. Da muka fito, an riga an sa ni a tsakiya, hagu da dama, ko hannu ba zai shiga tsakanin ƙofata da ta maƙwabcin ba. Muka zauna cikin ranar azahar, ni a keke, ita a kan dakali da ledar magani a cinya, muna jiran mutumin da ba mu san kamanninsa ba. Wani bawan Allah ma da ya zo wucewa sai ya laluba aljihu ya miƙo mini naira hamsin. Makullin motata na hannuna a lokacin.

To wannan ne son banza?

Malam Edita, akwai doka. Ba roƙo muke ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a wuraren ajiye motoci na jama'a dole a keɓe wurare, a yi musu alama, domin masu naƙasa. Maganar keɓe wuri dokar ta yi. Mai lafiyar da ya ajiye motarsa a wurin, tararsa naira 5,000, sai fa in ya ɗauko mai naƙasa a motar. Wanda ya tare wurin da gangan, shi ma 5,000. Mai kula da filin da ya ƙi keɓewa, naira 1,000 a kowace rana. An kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ko ɗaya daga cikin wannan ban ji an ambata a shirinku ba, sai labarin Ingila da shuɗin katin fakin da ake ba naƙasassu a can. Mun ji, Ingila ta yi ƙoƙari. Tamu dokar fa?

Tarar ma abin dariya ce, in dai dariya ake so a yi. Lokacin da aka sa hannu, litar mai naira 145 ce. Yau 5,000 ɗin nan lita nawa za ta zuba wa mai jif? Naira 1,000 kuwa, mai filin fakin ya haɗa ta kafin ya gama shan kokon safe. Amma ni ko a hakan na yarda, a fara karɓa mu gani. A ci mutum ɗaya tara a gaban jama'a, ku kuma ku karanta a labaran yamma.

Kuma ba manya kaɗai ba ne, kada a ce na raga wa talakawa 'yan'uwana. Ka je bakin banki ko manyan shagunan nan na zamani. Inda aka yi arziƙin zana alamar, za ka tarar 'yan acaɓa sun jera babura a kai, ko mai lemo ya kafa teburinsa, ko an girke janareto. Wani wurin maigadi ne ke dasa mazugin roba ya tsare wa wanda zai ba shi na goro. Wani wurin kuma an keɓe, amma a bakin kwata, ko a gaban matakala huɗu babu gangara. Wanda ya zana bai taɓa tambayar gurgu ko ɗaya ba. 'Yan'uwana masu babur mai ƙafa uku da masu keken hannu su ko lissafi ba a yi da su, da sun tsaya sai a ce su matsa, ba a bara a nan.

Dokar ta ce sai motar mai naƙasa tana ɗauke da alama kafin ya ci moriyar wurin. Madalla, haka ya dace, don kada masu lafiya su riƙa ɗingishin ƙarya. To ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa nan, tun 2020 aka kafa ta. Ku gayyato jami'inta ya zauna a kujerar da baƙon nan ya zauna, ya bayyana wa masu gadi da direbobi yadda alamar take da inda ake karɓarta, da Hausa, ba da Turancin taro ba. Ku haɗa shi da gurgu mai tuƙi, ba mai magana da yawunmu ba. Muna da baki.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa dab da labaran ƙarfe bakwai, don Allah ku duba shi. Lokacin ne muke zaune da yara ana cin tuwo, sai ka ji mutum yana zayyano cututtukan ma'aurata da kalmomin da ko a majalisar samari ba a faɗa. Ƙaramar 'yata ta fara haddace shi. In ba za a iya dainawa ba, a mayar da shi bayan sha ɗaya na dare.

Layin wayarku ma na yi ta kira a daren Talatar bai shiga ba, shi ya sa na rubuto. Ina so a karanta wasiƙar nan a cikin shirin, a daidai lokacin da aka yi waccan magana, kuma mai gabatarwar da ya yi dariya shi nake so ya karanta ta da bakinsa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Kano.